Anti Lupe, Wadda Ta Ɗauke Abinci Daga Gaban Mai Yunwa

Kafin rana ta yi zafi a Logan, garin da muke zaune a ƙasar Turawa, ƙaramar motar Anti Lupe ta riga ta fita daga layinsu. Kowa ya san ƙarar motar nan. A kujerar gefe akwai jakarta, a cikin jakar akwai abin awon jini da ma'aunin zafin jiki, sai kuma silifas a leda, don ba ta taɓa taka tabarmar mutum da takalmin aiki ba. Sunanta na takarda Vaiolupe Aumua, nas ce mai bin gidaje. Amma in ka je asibitin unguwa ka ambaci wannan suna, sai an ɗan yi shiru kafin wani ya ce, "Au, Anti Lupe kake nufi."

Yawancin ma'aikata suna kauce wa gidan mutane a lokacin cin abinci. Ita kuwa lokacin take hari. Takan iso daidai an sauke tukunya, ta yi sallama, ta nemi gefen tabarma ta zauna kamar 'yar gida. Mu mutanen tsibiran Samoa ba ma barin baƙo ya fita bai ci ba, don haka a wuni guda sai ta ci gwaza a gida uku ko huɗu. In an tsokane ta takan ce, "Ni da cikina nake wannan aiki, gwamnati ce dai ba ta sani ba." A yi dariya. Ba kowa ya gane cewa tana ci ne idonta na kan farantin yaran gidan ba: wa ya ci, wa ya tura abinci gefe, wa ya tashi da sauri ya shige bayi.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da 'yan kai. Babu jaridar da za ta buga hotonta. Ita ta riƙe mini jaririyata ta fari ranar da nono ya ƙi zuwa ina kuka, kuma rabin uwayen cocinmu suna da irin wannan labari. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani ne daban. Aiki ne da ta ɗora wa kanta a rabin ƙarshe na shekarun aikinta, aikin da mu ba mu ma yarda akwai shi ba: kula da yaran da cin abinci ya zame musu ciwo.

Mun daɗe muna cewa wannan cutar 'ya'yan Turawa ce, 'yan matan da ke kallon mujalla suna so su zama tsinke. Mu da muke auna ƙauna da girman faranti, ina mu ina ita? Anti Lupe ba ta yin musu da mai faɗin haka. Cewa take yi, "To, Allah ya sa." Sannan ta ci gaba da kai yaranmu wurin likita ɗaya bayan ɗaya: mai ƙin ci, da mai ci har ya kasa numfashi sannan ya je ya amayar a ɓoye, maza da mata, sirara da masu jiki. Ba ta taɓa faɗin sunan ko ɗaya ba. Labarin da zan bayar, mai shi ce ta ba ni izini, ta ce in sa sunanta.

Fuatino, wadda muke kira Tino, jikar Kaka Tanielu ce, dattijon cocinmu. Tana da shekara goma sha shida a lokacin. A gidan Kaka Tanielu ana yin to'ona'i, wato abincin ranar Lahadi bayan an taso daga coci, kamar yadda ake yinsa a ƙauye. Manya da baƙi su zauna a falo a kan tabarma. Yara su kawo abinci, su durƙusa su ajiye, su koma gefe suna korar ƙuda da mafici, su kawo ruwan wanke hannu da tawul. Sai manya sun ƙoshi an kwashe, sannan yara su koma kicin ta baya su ci nasu. Babba ba ya leƙa can. Ba a yi.

A wannan aiki babu kamar Tino. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen zama. Uwaye suna nuna wa 'ya'yansu ita. Dā yarinya ce mai jiki, irin namu, har a makaranta ana yi mata waƙa a kai. Cikin 'yan watanni sai ta zube, kowa kuwa ya yaba. Ciwon sukari ya yi mana ɓarna a dangi, likitoci kullum cewa suke mu rage, ga yarinya ta rage. Matan coci har tambayarta sirrin suke yi.

Wata Lahadi cikin Disamba, wanda a ƙasar nan tsakiyar bazara ne, ana zafin nan da fanka ba ta yin komai, Anti Lupe tana cikin baƙin Kaka Tanielu. Da aka gama, Tino ta durƙusa gabanta da kwanon wanke hannu. Garin karɓar tawul, hannunsu ya haɗu. Hannun yarinyar sanyi ƙalau, kamar an ciro shi daga firij. Anti Lupe ta ɗaga ido ta ga rigar sanyi a jikinta, a wannan rana. Ta jira hira ta kankama, ta miƙe kamar mai neman bayi, ta bi ta baya ta shiga kicin.

Yaran suka daskare, don ba su taɓa ganin baƙuwa a nan ba. Kowa da farantinsa a cinya, ban da Tino. Tana tsaye tana zuba ragowar abinci a robobi, wanda baƙi za su tafi da shi gida.

"Ke ina naki, 'yata?"

"Na ci tun ɗazu, Anti."

"Ɗazun yaushe? Da kina kora mini ƙuda? Ashe bakinki ya fi nawa sauri."

Yaran suka fashe da dariya. Wata ƙanwarta ta ce, "Anti, ita kullum ta ci tun ɗazu." Tino ta harare ta. Anti Lupe ta ce a taya ta kai robobi mota, Tino kaɗai. A bakin mota ta kama wuyan hannun yarinyar ta riƙe, tana sauraron bugun jininta da yatsu. A hankali yake tafiya, kamar mai jin barci.

"Jiri yana ɗibarki in kin miƙe?"

Tino ta kau da kai.

"Al'adarki fa?"

"Ta ɗauke. Ta daɗe."

"Ba faɗa zan yi miki ba. In kin ga abinci, me yake ce miki?"

Nan yarinyar ta fara kuka, irin kukan da ba ya fitar da sauti. Ta ce kamar akwai wani a cikin kanta da ke ƙirga kowace loma, in ta ci sai ya wuni yana zaginta. Ta roƙi Anti Lupe kada ta gaya wa kowa. Anti Lupe ta ce, "Wannan kam ba zan yi miki alkawarinsa ba. Zuciyarki ta gaji, kuma zuciya ɗaya gare ki. Abin da zan yi miki alkawari shi ne, duk inda za a je, da ni za a je."

Da yamma ta zaunar da Ianeta, uwar yarinyar. Ianeta tana aikin ɗaure kaya a wani kamfani, ta fita da asuba ta dawo a gajiye, ba ta ga 'yarta tana cin abinci ba tun bara, kuma ba ta lura da hakan ba, don tsarin gidan bai ba ta wurin gani ba. Da farko dariya ta yi. "Haba Yaya Lupe, dubi yarinyar nan fa. Ai ba ta rame ba, daidai ta zama." Anti Lupe ta ce mata ba sai ƙashi ya fito ba. Jikin da aka hana abinci wata da watanni yunwa yake ji, komai girmansa, kuma zuciya ce ke fara biya. Suka tsayar da magana: gobe za ta zo ta kai su wurin likita.

Ianeta ta yi abin da ya kamace ta, ta je ta gaya wa mahaifinta. Shi kuma Kaka Tanielu ya yi abin da duk wani dattijonmu zai yi. Jikarsa tana yunwa a gidansa, gidan da ke ciyar da rabin coci? Kafin gari ya waye ya sa an haɗa umu, murhun duwatsu, a bayan gida. Aka gasa alade, aka dafa gwaza da ɗanyar ayaba a madarar kwakwa, aka buɗe gwangwanayen nama. Ya kira dangi suka bar aiki suka zo. Ya sa aka shimfiɗa tabarma mai kyau a wurin zamansa, wurin da yaro bai taɓa zama ba, ya zaunar da Tino, ya sa manya su yi mata hidima. Girmamawar da ta fi wannan ba mu da ita.

Haka Anti Lupe ta iske su. Waɗanda suka gani sun ce yarinyar tana zaune gaban tulin abinci, dangi sun kewaye ta suna cewa, "Ci, Tino, ci don kakanki." Wata gwaggo har ta ɗebo loma tana nufar bakinta.

Anti Lupe ba ta shiga tsakiya ba. A bakin ƙofa ta zauna, ƙasa da kowa, ta sunkuyar da kai, ta fara gaisuwar girma, ta ambaci kowa da matsayinsa. Sannan ta ce, "Baba, na zo roƙo. Ina roƙon a ɗauke abincin nan daga gaban yarinyar."

A wurinmu, ɗauke abinci daga gaban wanda aka karrama zagi ne ga mai gida.

Kaka Tanielu ya ce, "Lupe, jiya kika ce ba ta ci. Yau na dafa, kin ce kada ta ci. Ke da kike lashe mini tukunya kowace Lahadi, yau abincina ya zama guba?"

"Abincinka ya fi na kowa, Baba, ƙuguna shaida ne. Amma yau zai iya kashe ta."

Ta yi masa bayani da kalmomin gida. Jikin da ya daɗe da yunwa ya riga ya cinye ajiyarsa. In aka danƙara masa abinci mai nauyi lokaci guda, sinadaran jini sai su rikice, zuciyar da dama ta raunana tana iya tsayawa. Dole a fara da kaɗan kaɗan, likita yana duba jini. Ta ce kuma ba taurin kai ba ne, ba raini ba ne. Yarinyar tana son kakanta, tsoron abincin ne ya fi ƙarfinta, kuma wannan tsoro ciwo ne mai magani.

Anti Lupe ta matso a kan gwiwoyinta, ta ce, "Ba sai ka yarda da ni ba. Ara mini yatsunka." Ta ɗora masa su a wuyan hannunsa, ya ji nasa bugun. Sannan ta ɗora su a na jikarsa. Ya daɗe a haka, kansa a karkace, yana jiran kowane bugu ya iso.

"Nawa ya fi nata gudu," in ji shi. "Ni da nake jiran kabari."

"Shi ya sa na zauna a bakin ƙofarka, Baba."

Ya saki hannun a hankali. Ya dubi gwaggon nan mai loma ya ce, "Ajiye. Ku kwashe, ku rarraba wa maƙwabta." Sannan ya ce da Ianeta ta kawo masa sandarsa, da shi za a je.

A ranar aka kwantar da Tino. Ta yi makonni a asibiti ana ba ta abinci a ƙa'ide, ana gwada jininta, har bugun zuciyar ya dawo daidai. Anti Lupe ba ta cikin masu aikin ɗakin, amma kullum sai ta biyo in ta tashi, ta zauna a gefen gado tana ba ta labarin wanda ya yi gyangyaɗi a coci.

Mu a zatonmu sallama daga asibiti ita ce warkewa. Ashe nan aikin ya fara. Aka haɗa iyalin da likitar da ke kula da lafiyar tunani da kuma masaniyar abinci. Suka ce a gida za a yi jinyar: duk abincin da Tino za ta ci, safe, rana, dare da na tsakani, sai babba ya zuba mata, ya zauna da ita har ta gama, ya kuma ƙara zama bayan an gama. Ianeta ta ɗauki safe da dare. Na rana fa? Babban da ke gida da rana mutum ɗaya ne.

"Ni?" in ji Kaka Tanielu. "A kicin?"

"Kujera ba ta cizo, Baba. Na gwada ta."

Mutumin da tun yana saurayi bai ci abinci tare da yaro ba, shi Anti Lupe ta zaunar a teburin kicin, ta koya masa aiki kamar ɗalibi. Kada ka roƙe ta. Kada ka yi mata wa'azi. Kada ka ce ta yi kyau ko ta yi ƙiba, kada ka ambaci jikinta ko kaɗan. In ta tsaya, ka ce, "Na san da wuya, ɗauki ta gaba," ka ci gaba da hirarka. Tsohon ya ce shi bai iya hira da yara ba. Ta ce ya ba ta labarin kamun kifi a Savai'i, tsibirinsu na gida, ai ya ishe mu da shi shekara da shekaru, lokaci ya yi da zai yi amfani.

Bai zo da sauƙi ba. Wata rana Tino ta watsar da faranti, ta gaya wa kakanta maganar da a gidanmu ba a gaya wa ko sa'a. Ya kira Anti Lupe a waya, ya ce ya gama. Ta bar abin da take yi ta zo. Ta same shi a baranda ta ce, "Wanda ya zage ka ba jikarka ba ce, ciwon ne, don ya ga kana cin galaba a kansa. Jikarka tana ɗaki tana kukan abin da bakinta ya faɗa." Can ya tashi ya shiga kicin, ya zuba wani farantin da hannunsa, ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

An sha komawa baya. Sau ɗaya har sai da aka sake kwantar da ita, Ianeta ta ce ita ta karaya. Anti Lupe ta ce mata haka hanyar take, ba a miƙe take ba, kuma ta haɗa ta da wasu uwaye masu irin wannan jinya, suna haɗuwa suna sauke wa juna nauyi. Ta bi matan coci ɗaya bayan ɗaya, cikin raha, ta hana su tambayar yarinyar sirrin ramewa, ta kuma hana su taya ta murnar ƙiba. Yanzu shekara biyu ke nan. Tino ta gama sakandare, tana koyon aikin renon yara. Har yanzu tana ganin likitarta, kuma akwai ranakun da muryar nan ke dawowa. Amma tana da inda za ta kai ƙararta.

Anti Lupe, ke ce kika shiga ɗakin da baƙo ba ya shiga. Ke ce kika san al'adarmu ciki da waje, kika ƙaunace ta, ba ki taɓa tsayawa gaban Turawan asibiti kin kira ta jahilci ba, amma da kika ga ta rufe wa yarinya ido sai kika durƙusa kika roƙe ta ta matsa. Ke ce mai zaman haƙuri. Ba ki yi wa kowa allurar da ta warkar da shi ba, zama kika yi, gida bayan gida, har abinci ya huce, har yaro ya ɗauki cokali. Na san akwai waɗanda kika yi wa wannan zama ba su tashi ba, na kuma san ba kya son a taɓo maganar. Allah ya san da su, ya san da ke.

Ku 'yan'uwana uwaye, ni ba likita ba ce, 'ya'ya mata gare ni ƙanana, kuma tsoro nake ji kamar kowa. Motar nan za ta daina yawo, saura mu. Mu san abin da ya shiga cikin 'ya'yanmu da idonmu, ba da "na ci tun ɗazu" ba. Mu daina gaishe da yara da maganar jikinsu, ko yabo ko tsokana. In yaro ya fara zubewa da sauri, ko yana jin sanyi ana zafi, ko yana ɓoye abinci, ko yana shigewa bayi da zarar an gama ci, kada mu jira ƙashi ya fito, kada kuma mu ce za mu gyara da babbar tukunya. Mu kai shi wurin likita a makon, mu faɗi abin da muka gani ba kunya. In an ce babu komai alhali zuciyarmu ba ta kwanta ba, mu sake komawa. Kuma in gidan maƙwabciya ne, mu je mu zauna da ita, don jinyar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Mun gode, Anti. Uwayen Logan sun gode, da kakanni, da yaran da ba za su taɓa faɗa a fili cewa kin taɓa riƙe musu hannu ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa gwiwoyin nan lafiya.

Da na karanta wa Fuatino wannan rubutu, na tambaye ta ko akwai abin da take so in ƙara. Ta yi tunani, ta ce dogon jawabi ba nata ba ne.

"Ki dai gaya mata," in ji ta, "jiya a wurin aiki na ji yunwa. Yunwa sosai, har cikina yana ƙara yara suna dariya. Na je na ci. Babu wanda ya zauna da ni."